HASUMIYAR GOBARAU: TSAKANIN TARIHI DA JI-TA-JI-TA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya tashi daga Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ya je birnin Katsina, ko don fatauci ko don neman karatu, da wuya ya komo gida bai kai ziyara Hasumiyar Gobarau ba, kuma da wuya ya komo ba tare da guzurin labarai game da ita ba. Daga cikin labaran nan akwai tabbatattu, akwai waɗanda masana suka yi saɓani a kansu, akwai kuma waɗanda baki ne kawai ya ƙawata su. Darasin wannan mako shi ne rarrabe su, domin kuwa Allah Maɗaukakin Sarki Ya umurci muminai, a aya ta 6 ta Suratul Hujurati, da su bincika labari kafin su yi aiki da shi. Malaman hadisi kuma sun bar wa Musulmi ma'auni biyu: a dubi waɗanda suka kawo labarin, sa'an nan a dubi abin da labarin ya ƙunsa.

ABIN DA BABU GARDAMA A KANSA

Gobarau ginin ƙasa ce, tsayinta kamar ƙafa 50, watau wajen mita 15, kuma ita ce ta saura daga tsohon masallacin Juma'a na birnin Katsina. Masallacin ya kasance wurin salla da karatu har zuwa farkon ƙarni na 19, lokacin da Malam Ummarun Dallaje, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya gina wani sabo. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, an yi wa hasumiyar babban gyara. Saboda haka ba daidai ba ne a ce kowane tubali da ke jikinta na magina na farko ne. Ginin ƙasa ba ya daɗewa sai da yaɓe, kowace damina tana cin rabonta, kowane zamani kuma yana mayar da abin da ruwa ya ci.

YAUSHE AKA GINA TA?

Abin da ya fi yawo a bakin jama'a shi ne an gina ta a zamanin Sarki Muhammadu Korau, wanda ake lissafa shi Sarkin Katsina Musulmi na farko, ana kuma cewa ya hau gadon sarauta a 1348. Wasu masana tarihi kuwa sun ajiye zamanin Korau a kashi na biyu na ƙarni na 15. Tazarar maganganun biyu ta kai shekara 100, ba kuwa ƙaramin abu ba ne.

Ga hanyar da ɗalibi zai bi ya auna. Jerin sarakunan Katsina ya nuna Ibrahim Sura ne ya gaji Korau. An kuma san cewa Imam Jalaluddin Suyuɗi na Masar ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasar Tukururu, inda ya ambaci Sarkin Agadas da Ibrahim Sarkin Katsina. To, an haifi Suyuɗi a 1445, ya rasu a 1505. In har wanda ya gaji Korau ya yi zamani da Suyuɗi, ashe Korau bai hau sarauta a 1348 ba. Wannan lissafi ya dace da zuwan Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim Magili, mutumin Tilimsan, wanda ya zo Kano a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya kuma zauna Katsina, shi ne ma wasu ke danganta kafa masallacin da zuwansa. Maganar da ta fi ƙarfin hujja ke nan, watau ƙarshen ƙarni na 15. Wannan bai rage wa Gobarau daraja ba, domin ko a haka ta haura shekara 500.

Haka nan masu cewa ita ce hasumiya ta farko a Afirka ta Yamma sun manta da masallacin Jingarebar na Tumbutu, wanda aka gina wajen 1327 a zamanin Mansa Musa.

TSAYINTA NA FARKO

Ana yawan faɗa cewa a da tsayinta ya ninka na yanzu sau da yawa. A nan ne ya kamata a tuna da Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377. Ya koyar da cewa ana gwada labari da ɗabi'ar abubuwa, har ya soki marubutan da suka gabace shi saboda karɓar adadin mayaƙan da ƙasa ba za ta iya ɗauka ba. In an gwada, hasumiyar Agadas, wadda ita ma ta ƙasa ce, aka kuma ƙarfafa jikinta da itatuwa, tsayinta mita 27 ne. Ƙuɗub Minar ta birnin Delhi a Indiya ta kai wajen mita 73, amma fa da dutse aka yi ta. Yana yiwuwa Gobarau ta fi haka tsawo kafin ruwan sama ya zaizaye ta, amma wanda ya ce ta tsere wa ginin dutse, shi ke da nauyin kawo hujja.

LABARIN MALAM JODOMA

Mafi shahara a cikin labaran shi ne na alƙibla. An ce da za a aza harsashin masallacin, Sarki ya tara malamai, gardama ta kaure a kan inda Ka'aba take, sai wani baƙon malami mai suna Jodoma ya nuna da sandarsa, nan take Ka'aba ta bayyana kowa ya gan ta.

Ahlus Sunna ba su musun karamar waliyyai, Allah kuwa Mai iko ne a kan kome. Amma yarda da yiwuwar karama daban, tabbatar da aukuwar wata karama ga wani mutum a wata rana daban. Wannan labari daga baki zuwa baki ya zo, babu jerin maruwaita da za a bi a san amincinsu. Matsayinsa na hikaya ne: ana iya ba da shi a ce "an ce", ba a rantsuwa a kansa, ba a kuma tuhumar imanin wanda bai karɓe shi ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne shari'a ba ta rataya sanin alƙibla a kan karama ba. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa wanda ke ganin Ka'aba wajibinsa ya fuskanci ainihinta, wanda ya yi nisa kuwa wajibinsa ya yi ƙoƙari ya fuskanci jiharta, ta hanyar alamomi irin su rana da taurari. Tsakanin Katsina da Makka akwai fiye da kilomita 3,000. Alƙiblar wannan yanki, har da Talata Mafara da kewayenta, ba gabas sak ba ce, ta ɗan karkata arewa da kamar digiri 20.

Akwai hanya mai sauƙi ga masu niyyar gina masallaci. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da misalin ƙarfe 10:27. A wannan lokaci wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Sai a kafa sanda miƙaƙƙiya a fili, a ja layi bisa inuwarta, wanda ya tsaya a ƙarshen inuwar yana duban sandar, to, Ka'aba ce a gabansa. Ga sanda ta nuna Ka'aba ta hanyar da kowa zai iya gwadawa.

HASUMIYA A SHARI'A

Ya kamata a sani cewa masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba shi da hasumiya a zamaninsa. Sayyidina Bilal yakan hau rufin wani gida mai tsawo kusa da masallaci ya yi kiran salla. Sai a zamanin Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, lokacin da Umaru ɗan Abdul'aziz ke gwamnan Madina, aka faɗaɗa masallacin aka yi masa hasumiyoyi. Ashe hasumiya hanya ce ta isar da kiran salla, ba sharaɗin ingancin masallaci ba, ba kuma wurin neman tabarraki ba.

Darajar Gobarau tana ga abin da take shaida: cewa tun ƙarnoni da suka wuce Katsina gari ne na salla da ilmi, garin da ya fitar da malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani a ƙarni na 17. Hakkin da ke kan malaman makaranta da iyaye shi ne, in yara sun tambaya, a faɗa musu tabbatacce a matsayin tabbatacce, saɓani a matsayin saɓani, hikaya kuma a matsayin hikaya. Yaron da aka cika wa kunne da ƙari, ranar da ya gane ƙarin, yana iya zubar da shi tare da gaskiyar da ke ciki.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya sa a dace, amin.