Kafin ka rabu da farantin kaka, juya gindinsa

Sana'ata saye da sayar da tsofaffin kaya ce, kuma a cikinsu babu abin da ake yi wa riƙon sakainar kashi kamar tangaran. Idan tsohuwa ta rasu aka zo rabon gado, gwal da zannuwa ake sa wa ido. Farantan da ke jere cikin kwaba kuwa, ko a bar wa yara su fasa, ko a haɗa wa mai jari-bola ya ba da bokitin roba. Tun da masana'antun Sharada da Challawa suka cika gari da kayan roba, abin ya ƙara lalacewa. Alhali yawancin farantan nan suna ɗauke da tambarin da zai nuna inda aka yi su da zamaninsu.

Fara da ɗaga farantin saitin rana, ka sa yatsu a bayansa. Tangaran na ainihi haske yana ratsa shi har ka ga inuwar yatsunka. Ƙwanƙwasa bakinsa da farce: mai lafiya ƙararsa na daɗewa, mai tsaga kuwa nan take take mutuwa. Daga nan sai ka kifa shi.

Sunan ƙasa shi ne abin da na fi dogara da shi. A 1890 Amurka ta yi dokar da ta tilasta rubuta ƙasar asali a kan kayan da ake shigar mata, shi ya sa daga 1891 kamfanonin Ingila suka riƙa ƙara "England" a tambarinsu. Cikakken "Made in England" kuwa na ƙarni na 20 ne. Kayan Japan masu "Nippon" sun faɗo tsakanin 1891 da 1921, masu "Occupied Japan" kuma na bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, zuwa 1952. Ƙasar "Czechoslovakia" ba ta wanzu ba sai 1918, ta kuma rabu a ƙarshen 1992. "West Germany" daga 1949 ne zuwa 1990. Wani lokaci za ka ga "Rd No" da lamba a gefe: rajistar zane ce ta Birtaniya da aka fara a 1884. Kafin ita, daga 1842 zuwa 1883, alama ce mai kusurwa huɗu da haruffa a ciki. Duk wanda ya sami mai wannan alama a Kano, ya riƙe shi da kyau, domin ba a cika ganinsa ba.

Dalili kuwa, jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911. Kafin nan kayan Turai da yawa ta Sahara suke zuwa a kan raƙuma daga Turabulus, kuma tangaran ba kayan doron raƙumi ba ne. Mafi yawan abin da ke zuwa hannuna na bayan zuwan jirgi ne, lokacin kantunan John Holt da G.B. Ollivant da UAC. Wasu kuma daga gidajen Turawa na Nassarawa da Bompai suka fito, kyautar sallama ga kuku ko boyi.

Akwai tambari na biyu da ke ruɗa mutane: na mai sayarwa ko na ma'aikatar da ta yi odar kayan. Shafa farce a kai. Na kamfanin da ya yi farantin sau da yawa yana ƙarƙashin ƙyallin farantin, sumul yake. Wanda aka ɗora daga baya za ka ji tudunsa kaɗan. Shi ma yana da amfani. Farantin da ke ɗauke da sunan Nigerian Railway Corporation ba zai girmi 1955 ba, takardar farashin Kingsway kuma ba za ta girmi 1948 ba, shekarar da kantin ya buɗe a Legas.

Sai dai a kiyaye. Tambari yana cewa ne "ba a yi ni kafin shekara kaza ba", ba ya cewa a shekarar aka yi shi. Shekarar da ke jikin tambari ma sau da yawa ta kafa kamfani ce: Wedgwood na 1759 ne, amma har yau yana yin faranti. Rashin sunan ƙasa ba hujjar tsufa ba ce, don kayan da aka yi wa kasuwar Afirka dokar Amurka ba ta hau kansu ba. Hatimin sarakunan Sin kuma an yi ta kwaikwayonsa shekaru aru-aru. Wani bawan Allah ya kawo min faranti da ya saya da tsada a kan cewa ya shekara 300. A ƙarƙashin hatimin, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta ana iya sa shi a injin ɗumama abinci. Na tausaya masa ƙwarai.

Gaskiya, kaɗan ne daga farantan nan za su yi kuɗi mai yawa. Abin da ke damuna shi ne tarihin gida da ke salwanta tare da su: shekarar auren kaka, da kantin da aka yi mata kayan jere.

Don Allah, kada a goge gindin faranti da soson ƙarfe ko toka, ruwan ɗumi da sabulu sun isa. Wanda aka dasa a bango ko rufin soro a bar shi a wurinsa. Ku ɗauki hoton gaba da baya, ku tambayi tsofaffin gida tun suna raye, ku rubuta abin da suka faɗa ku ajiye tare da farantin.