Kiɗan Ingila da Kiɗan Amurka: Wa Ya Koya Daga Wa?

Cikin gardandamin da ba su ƙarewa tsakanin ɗalibai da malamai a makarantarmu akwai wannan: makaɗan Ingila da na Amurka, su wa suka fi gwaninta? Manya suna tunawa da kaset ɗin Jim Reeves da Don Williams da Michael Jackson da UB40 waɗanda akan sayo daga Kano a dā. Yara kuwa suna da Adele da Ed Sheeran da Beyoncé a cikin waya. Ga kunnen mutumin Kazaure ko na Babura, duk waƙar Turanci ce, kiɗan Bature ke nan. Amma fa ba ɗaya ba ne. In muka bi sawun bambancin kuma, za mu tarar hanyar ta ratsa ta ƙofar gidanmu. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi nazarinsa a nan.

Bari mu fara da Amurka, gama can ne tushen yake. Mun san an kwashi kakannin baƙar fatar Amurka daga Afirka aka kai su bauta a gonakin auduga da taba da shinkafa. Bayan wani tawayen bayi a shekarar 1739, hukumar Karolina ta Kudu ta kafa doka a 1740 wadda ta hana bayi mallakar ganguna, don tsoron kada su kira juna da su. Abin da ya rage musu shi ne murya, da tafi, da kayan kiɗa masu tsirkiya. Daga cikin waɗannan aka sami banjo, wanda a farkonsa ƙwarya ce aka rufe da fata, aka soka mata sanda, aka ɗaura tsirkiya. Duk wanda ya taɓa ganin gurmi ko molo a hannun makaɗi a Roni ko Gwiwa ya riga ya gane siffar.

Masana biyu sun yi dogon bincike a kan wannan, wato Paul Oliver mutumin Ingila a 1970, da Gerhard Kubik mutumin Ostiriya a 1999. Ra'ayinsu shi ne, salon da ake kira buluz ya fi kama da kiɗan ƙasashenmu na saheli, masu goge da kukuma da gurmi, fiye da kiɗan manyan ganguna na bakin teku. Ba a ce daga garin kaza aka ɗauke shi ba, kuma akwai masu jayayya da su. Amma ɗalibi na iya gwadawa da kunnensa. Ya saurari Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, sa'an nan ya saurari tsohon faifan wani mai buluz na Misisifi. Mutum ɗaya ne da abin kiɗa ɗaya, muryar tana lanƙwasa kalma tana jan ta, in ya yi shiru tsirkiya ta ba shi amsa.

Rijiya ta biyu da kiɗan Amurka ya sha ruwa daga gare ta ita ce sujada. A ikilisiyoyin baƙar fata mai ba da waƙa yana jefawa jama'a suna amshi, kamar dai yadda Zumuntar Mata suke yi a wurinmu. Aretha Franklin ɗiyar fasto ce a Detroit, a gaban bagadi ta koyi waƙa. Ray Charles kuwa a 1954 ya ɗauki karin waƙar sujada ya ɗora masa kalmomin soyayya, fastoci da dama suka yi fushi ƙwarai, kuma in mun faɗi gaskiya mun gane dalilin fushinsu. Daga wannan haɗi ne salon da ake kira sol ya fito.

Girman ƙasa ma ya yi nasa aiki. Amurka ta ninka Nijeriya wajen sau 10, saboda haka kowane gari ya raini salonsa. New Orleans ta ba da jaz, ta kuma ba da Louis Armstrong mai busa ƙaho, wanda ya zo Nijeriya a 1960 har ya gana da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Nashville ta riƙe kiɗan kantiri na fararen manoma, wanda ya shiga gidajenmu fiye da kowane kiɗan rok, watakila domin a hankali ake rera shi ana jin kalmomin. A Shikago Muddy Waters ya haɗa jitarsa da lantarki. A Memphis Elvis Presley ya yi faifansa na fari a 1954. A Detroit Berry Gordy, wanda ya taɓa aiki a masana'antar mota, ya kafa kamfanin Motown a 1959, ya kuma tafiyar da shi kamar masana'antar: masu tsara waƙa daban, makaɗa daban, masu rerawa daban, har da mai koya musu tafiya da gaisuwa.

Amma akwai katanga a tsakiyar wannan arziki, wato wariyar launin fata. Har zuwa 1949 mujallar Billboard, wadda take jera faya-fayan da suka fi kasuwa, tana ware na baƙar fata a ƙarƙashin sunan launinsu. Gidajen rediyo da yawa ba su sa su. Waƙar nan “Hound Dog” da duniya ta san Elvis da ita a 1956, wata baƙar mace ce, Big Mama Thornton, ta fara yin ta a 1952, abin da ta samu kuwa bai taka kara ya karya ba.

To, sai mu haye teku zuwa Birtaniya, wadda muka saba kira Ingila. Ƙasa ce ƙarama, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na Nijeriya. Tana da tsofaffin waƙoƙinta na gargajiya da na sujada, wasunsu ma muna rera su da Hausa kowace Lahadi, amma ba ta da buluz ko jaz nata na kanta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu faya-fayan Amurka suka riƙa shigowa, samari suka haukace a kansu. A 1956 wani mai suna Lonnie Donegan ya yi kasuwa da wata waƙar da ya koya daga faifan Lead Belly, baƙin Amurka, sai yara ko'ina suka ga ashe su ma za su iya. Ba su da kuɗin kayan kiɗa. Suka ɗauki allon wanki suna karta, suka kafa sandar tsintsiya a kan akwatin ganyen shayi suka ɗaura igiya, ya zama babbar jita. Wannan ba zai ba mu mamaki ba, mu da muka san kuntigin Ɗan Maraya Jos gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya tak.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyin yara tana wasa a wani bikin ikilisiya a Liverpool ran 6 ga Yuli 1957, a nan John Lennon ya sadu da Paul McCartney. Daga su biyu Beatles ta taso. Sun yi shekaru biyu suna zirga-zirga zuwa Hamburg ta Jamus, suna kiɗa sa'o'i da yawa kowane dare, yawancin abin da suke kaɗawa kuwa na Chuck Berry ne da Little Richard da sauran baƙaƙen Amurka. A Landan ma Rolling Stones, da aka kafa a 1962, sunansu kansa daga wata waƙar Muddy Waters suka samo shi.

A Fabrairun 1964 Beatles suka bayyana a talabijin ɗin Amurka, mutum wajen miliyan 73 suka kalle su. A watan Afrilu na shekarar, matsayi na ɗaya har zuwa na biyar a jerin Billboard duk nasu ne. Ku lura da abin da ya faru a nan. Kayan Amurka ne aka kai Ingila, aka sāke musu ɗinki, aka komo da su aka sayar wa masu shi. Fararen yaran Amurka da dama daga bakin samarin Ingila suka fara jin sunan Muddy Waters, alhali yana zaune a ƙasarsu. Dole kuma mu yaba wa Beatles abu guda: a Satumbar 1964 sun ce ba za su yi wasa a Jacksonville ba muddin aka raba wurin zaman fari da baƙi, ba a kuwa raba ba. Shi ma Jimi Hendrix, gwanin jita, sai da ya tafi Landan a 1966 kafin ƙasarsa ta san darajarsa.

Yanzu mun iso inda bambancin ya fi fitowa fili, kuma Bahaushe zai fi kowa saurin gane shi. A wurinmu ƙungiyar kiɗa tana da maigida. Akwai Alhaji Mamman Shata, sa'an nan akwai masu kalangu da 'yan amshi a bayansa. Haka Ɗanƙwairo, haka Barmani Coge da matanta masu ƙwarya. Kowa ya san sunan maigida, amma mutum nawa ne cikinmu za su iya kawo sunan mai kalangu ko ɗaya? Manyan taurarin Amurka a kan wannan tsari suke. James Brown yakan ci makaɗinsa tara in ya yi kuskure, da yatsu yake nuna masa adadin ana tsakiyar wasa. A 1970 yawancin makaɗansa suka watse a kan batun kuɗi, ya ɗauko waɗansu nan take, sunan James Brown bai ragu da kome ba.

Ingila kuwa abin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne ƙungiyar tsara, wato abokai huɗu ko biyar da suka tashi tare, su suke tsara waƙarsu, su suke kaɗawa, su suke rerawa, sunan ƙungiya ne a gaba. Lennon da McCartney sun yi alkawari duk waƙar da ɗayansu ya tsara za a rubuta sunan su biyu. Da Beatles suka rabu a 1970 ba a nemi wasu an cike gurbi ba, abin ya ƙare ke nan. Led Zeppelin ma da mai gangarsu ya mutu a 1980 sai suka rufe ƙungiyar. Ba mu ce ƙa'ida ce marar togiya ba. Amurka tana da Beach Boys da Earth, Wind & Fire, Ingila tana da Elton John da Sade, wadda aka haifa a Ibadan a 1959. Amma in aka auna, nan ne rinjayen kowace ƙasa yake. A namu ganin, wajen murya da motsa zuciya Amurka ba ta da na biyu. Wajen haɗa kai a ƙera waƙa, da ƙarfin halin gwada sabon abu a ɗakin ɗaukar sauti, samarin Ingila sun yi gaba.

Sai dai aro yana da ladabi, ba kuwa kullum aka kiyaye shi ba. Led Zeppelin sun yi amfani da kalmomin Willie Dixon na Shikago a wata waƙarsu ta 1969 ba su ambace shi ba. Sai da ya kai ƙara a 1985 aka sasanta, aka sa sunansa. Irin wannan tsoro ne ya sa lokacin da McCartney ya zo Legas a 1973 don ɗaukar faifai, Fela Kuti ya zarge shi a fili da cewa ya zo satar kiɗan Afirka, har sai da McCartney ya kunna masa abin da suka ɗauka ya ji da kunnensa. Kada mu yi saurin nuna wa Bature yatsa. Shekara nawa muka yi muna kwafar kaset ɗin makaɗanmu a kasuwa, yau kuma muna tura waƙoƙinsu daga waya zuwa waya, ba tare da ko kwabo ya isa ga iyalinsu ba?

Shi Fela ɗin ya isa misali ga duk mai son sanin abin da kowace ƙasa take bayarwa. A Landan ya yi karatun kiɗa tun daga 1958, ya koyi rubuta sauti da busa ƙaho. Amma sai da ya je Amurka a 1969, ya zauna da baƙaƙen da suke fafutukar 'yancinsu, sa'an nan ya gane abin da zai faɗa da kuma harshen da zai faɗe shi. Ya komo gida bai zama Ba'ingile ba, bai zama Ba'amurke ba, ya haɗa abin da ya samo da gangunan gida ya fito da salonsa. Daga baya Ginger Baker, shahararren mai ganga na Ingila, shi ya biyo shi, suka yi faifai tare a 1971, har ya zauna a Legas ya gina ɗakin ɗaukar sauti.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ƙungiyar mawaƙanmu tana da jita da fiyano na lantarki, ɗalibai da yawa kuma suna iya kwaikwayon muryar mawaƙin Amurka har ba a bambancewa. Amma kaɗan ne ƙwarai suka taɓa riƙe gurmi, masu kaɗa shi a ƙauyukanmu kuwa yawanci sun manyanta. Samarin Liverpool da Landan faifai kawai suke da shi, ba su da malamin da za su zauna a gabansa, duk da haka suka nace har suka koya. Mu namu malaman suna nan da rai, tafiyar keke ce tsakaninmu da su.

Ga aikin hutu ga 'yan aji huɗu da biyar. Kowa ya nemi mai gurmi, ko mai kukuma, ko mai goge a garinsu, ya gaishe shi da ladabi, ya nemi izini kafin ya ɗauki sautinsa, ya kuma ba shi abin goro. A tambaye shi wurin wa ya koya, da me ake yin tsirkiyar, da yadda ake ɗaure ta. A rubuta sunayen 'yan amshinsa duka, in yana da su. In an komo makaranta za mu sa abin da kuka kawo kusa da faifan Muddy Waters da na Rolling Stones, mu saurara a aji, kowa ya faɗi inda ya ji kama da inda bai ji ba.