Gano ciwon giyar otomatik a tsohuwar mota

Giyar otomatik da mai take aiki. Famfon da ke bakinta yana tura mai da ƙarfi, man ya cika konbata wadda ke karɓar ƙarfin inji, sannan ya bi ta hanyoyin balbodi ya matse faiba, sai giya ta shiga. A yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau, kwamfuta ce ke yanke lokacin canjin giya, tana buɗe hanyoyin man da solanoid bisa bayanin da sensoci ke kai mata. Don haka ciwo yakan fito daga ɗaya cikin wurare huɗu: mai, lantarki, injin kansa, ko kayan cikin giyar. Na ƙarshen ne kaɗai ke buƙatar a sauke giya, amma abin takaici da shi ake fara zargi a gareji da yawa, mai mota ya yi asarar kuɗi a kan abin da sensa guda za ta gyara.

Bincike yana farawa da tambaya. Da sanyin safe motar ke yin abin, ko sai ta yi zafi? A kowace giya, ko a ribas kaɗai? Wane gyara aka yi mata kwanan nan? Giyar da ke jinkirin shiga da safe, ta warware bayan ta ɗumama, yawanci robobin cikinta ne suka bushe ko mai ya yi ƙasa. Wadda ke tafiya lafiya da sanyi, ta saki bayan 'yan kilomitoci, a kashe ta a sake tayarwa ta ɗan motsa, filta ce ake zargi ta toshe da garin faiba.

Daga nan sai mai, kuma a nan ake yawan kuskure tun wajen awo. Tsofaffin Toyota irin su Camry da Corolla ana auna su ne mota na tsaye a fili mai daidai, inji yana aiki kuma ya yi zafi, giya tana kan P. Tsofaffin Honda kuwa sai an kashe inji a auna nan take. Wanda ya auna Toyota a kashe zai ga mai ya cika alhali bai kai ba. Ƙarancin mai yana sa famfo ya zuƙi iska, yawansa kuma yana sa ya yi kumfa, duka biyun suna jawo sulɓin giya. Lafiyayyen mai ja ne garau. Idan ya koma ruwan ƙasa, ya tsufa ne kawai, canji zai wadatar. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, faiba ta riga ta ci wuta, sabon mai ba zai mayar da ita ba. Idan kuma ya yi kama da shayi mai madara, ruwa ne ya shiga, galibi ta bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto, ko bayan mota ta keta ambaliya. Wannan ba a ƙara tafiya da shi ko kaɗan, domin ruwa yana ɓamɓare faiba daga ƙarfenta.

Irin man ma abin tambaya ne. Dexron III ba ya maye gurbin kowane mai don kawai launinsu ɗaya. Toyota da yawa na farkon shekarun 2000 suna shan T-IV, na bayansu kuma WS, Honda tana da ATF-Z1 wanda DW-1 ya gaje shi, giyar CVT kuwa man ta daban ne gaba ɗaya. Sau da yawa sunan man yana rubuce a jikin sandar awo.

Sai a fita gwaji, makaniki na kan sitiyari yana kallon allurar juyin inji. Idan allura ta haura, inji na kuka amma gudu bai ƙaru ba, sulɓi ke nan. Idan mota ta maƙale a giya ta biyu ko ta uku ta ƙi canzawa, sau tari kwamfuta ce ta kulle ta da gangan don ta kare giyar, bayan ta ga wani saƙon lantarki da bai yi mata daidai ba. Irin wannan motar na'urar bincike take buƙata kafin sufana. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 duk suna da soket na OBD-II, galibi a ƙarƙashin dashbod. Lambar P0700 cewa kawai take yi akwai ƙorafi a ɓangaren giya. P0715 da P0720 sun shafi sensocin gudun shiga da na fita, P0750 solanoid na canji, P0740 makullin konbata, P0730 kuma tana nufin juyin giyar bai dace da lissafi ba, abin da ya fi nuna sulɓi. Lamba hanya take nunawa, sai an gwada waya da soket kafin a sayi kaya. A Mercedes mai giya 722.6, alal misali, mai yakan tsatso ta soket ɗin lantarki ya bi waya, kuma gyaransa bai kai ko kusa da kuɗin giya ba.

Akwai cututtukan da ke kwaikwayon ciwon giya. Fulogi ko kwayil da ya mutu yana sa mota karkarwa a hawa, a ɗauka konbata ce. Robar mazaunin inji da ta tsage tana sa a ji bugu idan an shiga D ko R. Baturi mai rauni yana ruɗa kwamfuta. Cire tamostat, wanda ya zama al'ada a garuruwanmu saboda tsoron zafi, yana iya hana inji kai zafin da kwamfuta ke jira, musamman da hunturu, kuma Toyota da yawa ba sa sakin giyar ƙarshe sai ruwa ya ɗumama. A tsofaffin motoci masu wayar totur da ke zuwa giya, sakwarkwacewar wayar kaɗai tana ɓata lokacin canji.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, sai a kwance kaskon ƙasan giya, a irin giyar da ke da shi. Laushin toka-toka a jikin maganaɗisun da ke cikin kaskon cin yau da gobe ne. Gutsattsarin ƙarfe ko tarin baƙin gari kuwa shaida ce cewa ɓarna ta kai ciki. Ana tabbatarwa da gejin matsin mai, a kwatanta da adadin da kamfani ya bayar. Idan za a yi gwajin taka birki da totur tare, kada ya wuce daƙiƙa 5, domin yana dafa mai nan da nan.

Idan an tabbatar ɓarna ta kai ciki, a nan ne sauke giya ya zama dole. Wanda ya zaɓi sayen ta tokumbo a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Fanteka ya tabbatar lambar jikinta da soket sun yi daidai da na tsohuwar, ya kuma nemi kwanakin gwaji daga mai kaya. Kafin a ɗaura ta, a wanke bututun sanyaya mai ko a canza shi, domin garin tsohuwar giya yana nan kwance a ciki, kuma da zarar an tayar da inji zai koma cikin wadda aka ɗaura.