Yadda ake gane ko rabo zai fita daidai tun kafin a fara

Bayan girbi a Roumbou da ke yankin Dakoro, da zarar an fitar da zakka, dami ɗaya cikin kowane goma, sai maganar rabo ta taso tsakanin 'yan'uwan da suka noma gandu tare. Gardama kan ɓarke ne a kan abin da ya yi saura, alhali ana iya hango shi tun daga ƙidaya.

Da farko mai rabo ya dubi lambar ƙarshe ta adadin kayan kaɗai. In 0, 2, 4, 6 ko 8 ce, adadin cika ne, zai rabu biyu babu saura. In kuwa 1, 3, 5, 7 ko 9 ce, mara ne. Dami 46 tsakanin wa da ƙane, kowa 23. Dami 47 kuwa, kowa 23 ne dai, ɗaya ya tsaya a tsakiya.

Sai ya ƙirga masu karɓa. Nan ne ƙa'ida mafi amfani take: mara ba ya taɓa rabuwa daidai ga mutane cika. Awaki 15 ba za su rabu ga mutum 2 ko 4 ko 6 ba, ko an kwana ana lissafi. Dalili kuwa a fili yake. Duk abin da aka ninka da cika, cika yake bayarwa, to ta ina 15 zai fito? Mai hankali tun a nan yake shawarar a sayar da abin da ya yi saura a kasuwar Sakabal a raba kuɗin.

In masu karɓa mara ne, kuma rabon ya fita, kason kowa yakan bi jinsin kayan. Tiya 21 ga mutum 3, kowa 7, mara. Tiya 30 ga mutum 5, kowa 6, cika. Wannan hanya ce mai kyau ta kama kuskure: wanda ya ce ya raba 30 ga mutum 5 kowa ya sami 7, ba sai an sake aunawa ba, ya yi ɓata.

Cika a kan cika shi ne ba ya da tabbas. Dami 12 ga mutum 4, kowa 3; ga mutum 6, kowa 2; dami 10 ga mutum 4 kuwa, biyu su rage. Dole a yi lissafin.

Da aka zo ga kuɗi, a ƙirga da dala, wato sefa 5, yadda ake yi a kasuwa. Sefa 175 dala 35 ce, mara, don haka in mutum biyu ne kowa dala 17, ɗaya ta rage. Duk kuɗin da ya ƙare da 5 a rubutun sefa haka yake, wanda ya ƙare da 0 kuwa yana rabuwa biyu ba a bar dala ko ɗaya ba.