Zoben Fairol: Daga Ganyen Dawa Zuwa Gidan Sauro

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa ƙasar Bichi ko Dambatta a watan Agusta zai ga gonaki sun haɗe da juna, dawa da gero sun yi kore shar. A wannan lokaci ne kuma zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa koren ganyen nan da jan jinin da zazzaɓi ke ci, tushensu guda ne, watau wani sinadari da masana ke kira fairol.

Siffarsa da Asalinsa

Fairol zobe ne mai kusurwa biyar: huɗu na ƙwayar karbon, ɗaya ta naitirojin. Bajamushe Runge ne ya fara gano shi cikin kwalta a 1834. Idan zobe huɗu suka kewaye ƙwayar maganiziyam, sai a sami kulorofil, watau koren ganye. Idan kuwa ƙarfe suka kewaye, sai a sami him, wanda ke ba jini launinsa, yake kuma ɗaukar iskar numfashi. Har wa yau, shunin baba da marina ke aiki da shi a Ƙofar Mata yana ɗauke da wannan zobe, manne da wani mai kusurwa shida.

Yadda Ake Haɗa Shi

A 1884 Carl Paal da Ludwig Knorr, kowa da nasa binciken, suka fito da hanyar da har yau ake kira da sunansu. Akan sami sinadari mai jerin karbon huɗu, wanda na farko da na huɗu ke riƙe da oksijin, sa'an nan a gauraya shi da amoniya ko danginta. Naitirojin sai ya kama bakin nan biyu, ƙwayar ruwa biyu su fita, zobe ya rufe, tamkar yadda maƙeri ke lanƙwasa ƙarfe ya haɗe bakinsa. Amfanin wannan hanya shi ne, mai bincike na iya rataya abin da ya ga dama a kowace kusurwa, ya gwada aikinsa a jiki. Hans Fischer ya kai ga haɗa him ɗungurungum a 1929, aka ba shi lambar Nobel a 1930.

Amfaninsa Wajen Magani

Alal misali, a 1985 Bruce Roth ya haɗa atobastatin a Amurka, maganin rage kitsen jini da aka sayar da sunan Lipitor, wanda zoben fairol ne cibiyarsa.

Amma abin da ya fi shafar manomi shi ne zazzaɓi. Ƙwayar cutar takan shiga cikin jini ta ci abincinta, him ɗin da ya saura kuwa dafi ne a gare ta, don haka sai ta dunƙule shi ta ajiye. Kulorokwin wannan dunƙulewa yake hanawa. Da ƙwayar ta saba da shi, sai aka koma ga atemisinin, wanda ƙarfen him ne ke tayar da aikinsa.

Shi ma sauro ya saba da maganin da aka daɗe ana jiƙa gidan sauro da shi. Sai aka kawo kulofenafir, wanda aka gina kan zoben fairol. Maimakon ya taɓa jijiya kamar na da, hana jikin sauro samar da ƙarfi yake yi har ya mutu. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da gidajen sauro masu ɗauke da shi inda tsohon magani ya gaza.

Kammalawa

Zazzaɓi yakan zo daidai da lokacin noma, ran da gida ba ya iya rasa hannu ko guda. Saboda haka wannan ilmi bai kamata ya tsaya ga masu jin Turanci ba. Wajibi ne masu nazarin Hausa su samar masa da kalmomi, domin mai gidan da aka miƙa wa sabon gidan sauro ya san dalilin da ya bambanta shi da tsohon.