Yadda Karyayyen Ƙashi Yake Haɗewa

Duk wanda ya ga zirga-zirgar 'yan kabu-kabu tsakanin Illela da Birnin Kwanni ya san karaya ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Mu mutanen Garu mun saba cewa maɗori ya ɗora, ko likita ya ɗora. Amma a gaskiya aikinsu shi ne daidaita ƙashi da tsare shi. Jiki ne da kansa yake haɗa shi. To, ta yaya?

A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira ƙwayoyin asali. Wani masani ɗan Rasha, Alexander Friedenstein, ya gano su a shekarun 1960 zuwa 1970. Suna kama da ɗalibin aji ɗaya wanda bai zaɓi sana'a ba tukuna: suna iya zama ƙashi, ko guringuntsi, ko kitse. Abu biyu ne ke nuna musu hanya.

Na farko, saƙon sinadari. A 1965 wani likita a Amurka, Marshall Urist, ya nuna cewa a cikin ƙashi akwai wani furotin da ke sa sabon ƙashi ya tsiro. Sunansa BMP, kuma tun 2002 aka amince da amfani da wani nau'insa wajen tiyata a Amurka. A ɗakin gwaji, masana kan ƙara bitamin C da fosfet a ruwan da suke renon ƙwayoyin.

Na biyu, nauyi da motsi. Tun 1892 Julius Wolff na Jamus ya bayyana cewa ƙashi yana ƙarfafa daidai da nauyin da yake ɗauka. Shi ya sa 'yan sama-jannati ke rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfin wasu ƙasusuwansu kowane wata. Likita Gavriil Ilizarov na Kurgan a Rasha kuwa, yakan yanke ƙashi ya riƙa jan ɓangarorin milimita 1 kowace rana, sabon ƙashi yana cike giɓin.

Yau masana suna haɗa biyun. Sukan shuka ƙwayoyin asali a kan wani abu mai huji-huji kamar soso, su ba su sinadari, su sa na'ura tana dannawa tana saki, da nufin gina ƙashin da zai cike babban giɓi. Yawancin wannan aiki yana matakin bincike.

Wane darasi muka samu? Ƙwayoyin nan ba sa rayuwa sai da jini. Ɗauri mai tsanani yana tare jini, har ƙafa ta ruɓe a yanke ta. Idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ko ƙashi ya huda fata, a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kuma kada majiyyaci ya taka kafin likita ya ce, kada kuma ya ƙi takawa bayan an ce ya fara. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambaya ga ɗalibai: me ya sa ƙafar da ta daɗe a filasta take fitowa a rame?