Darasin Tuƙi: Mota Marar Kuloci

'Yan'uwa fataken shanu, wanda ya saba da giyar hannu in ya koma otomatik, to ya kiyaye abu uku.

Na ɗaya, ƙafar hagu ta huta. Dama kaɗai ke taka totur da birki. In hagu ta tafi neman kuloci, birki za ta danne, na bayanka ya afka maka.

Na biyu, a gangaren dutsen Mbe, daga Ngaundere zuwa Garwa, sa giya a 2 ko L, kada birki ya yi zafi ya ƙi kamawa.

Na uku, turi ba ya tayar da ita. Duba batir kafin ka nufi kasuwar Adumri.

Allah ya kiyaye hanya.